Baitin da Ya Kuɓuce wa Cam Yen

A bakin kasuwar Sa Dec, ta ɓangaren da ke kallon kogi, akwai wata dattijuwa mai suna Lanh da ke sayar da taliyar shinkafa da romo. Tun tana amarya take wannan sana'a a wurin, ita da mijinta Khiem, ita a kan tukunya, shi a kan wanke kwanoni da jan masu saye da raha. Wanda duk ya saba karyawa a rumfarsu ya san ba taliya kaɗai ake samu ba. Da zarar cinikin safe ya lafa, Khiem zai tsoma hannu cikin ruwan kumfa ya ɗaga murya da waƙar Tin mai kwasar gishiri, Lanh kuma ta amsa masa da ta Sen daga bakin murhu, ludayi a hannu. Waƙoƙin wani tsohon wasan kwaikwayo ne na waƙa, irin wanda suke ce wa cai luong, mai suna Gishiri da Ruwan Sama, wanda duk ɗan yankin koguna ya sha shi tare da nonon uwa.

Muryar Khiem ba ta da daɗi. Kowa a kasuwa ya san da haka ban da shi.

Da ya rasu bara waccan, Lanh ba ta rufe rumfa ba. Ta ci gaba da fitowa, romonta bai canza ba, amma rediyon da ke rataye a jikin ginshiƙi ya yi shiru. In wani shago na kusa ya sako waƙar Tin, sai ka ga ta jawo katako ta hau saran ƙashi da ƙarfi, ko da kuwa tukunya cike take.

Wata safiya ƙanwar mijin nata, Diem, ta tsaya a gaban rumfar da babur shaƙe da tukwanen furanni, don sana'arta ke nan. Ita ce autar gidansu, kuma har ta yi jikoki ba a daina ce mata Auta ba.

"Yaya! Ajiye ludayin nan ki ji. Sun dawo da shi!"

"Wa ya dawo da wa? Ke Auta, kashe babur ɗin nan tukuna, hayaƙi na shigar mini romo."

Diem ta kashe, ta jawo kujera ta zauna ba a ce mata zauna ba.

"Gishiri da Ruwan Sama. A Saigon za a yi. Kuma Cam Yen za ta hau."

Ludayin ya tsaya a hannun Lanh. Cam Yen ita ce ta fara zama Sen, tun zamanin da 'yan wasa ke yawo gari-gari a jirgin ruwa, su kafa dandamali a bakin gaɓa. Lanh na 'yar yarinya aka taɓa ɗaure jirginsu a bayan gidansu, mahaifiyarta ta dafa musu kifi, Cam Yen ta zauna a kan tabarmarsu ta ci da hannu kamar kowa. Tun daga ranar, duk lokacin da aka farfaɗo da wasan sai Lanh ta je. Ta kalle shi tana budurwa, ta kalle shi da tsohon ciki tana jingine da Khiem, ta kalle shi da furfura. An yi Sen iri-iri bayan Cam Yen, amma a wurin Lanh duk aron zane suka yi.

"Matar da ta ba tamanin baya, ita za ta yi Sen?"

"Uwar Sen za ta yi. An ce daga wannan ta yi sallama da dandamali. Sen ɗin wata yarinya ce, Nha Truc."

"Wannan mai tallar man gashi a talabijin?"

"Ita."

"To, a sha kallo lafiya." Lanh ta juya ga tukunyarta. "In ina son ganin gashi na sheƙi, ga talabijin nan a gida."

Diem ta bar ta ta zuba wa wani mai saye, ta yayyafa masa albasa da soyayyar tafarnuwa, sannan ta ce a hankali, "Ba yarinyar ce ta hana ki ba, Yaya. Ni da ke mun sani."

Lanh ta ci gaba da juya romonta.

"Khiem ni ma yayana ne. A bayansa na fara ganin wasan nan, ya goya ni har wuyansa ya ƙage. Kina tsammani ni ba na jin komai? Amma in ba ki je ba, wa zai zauna kusa da ni yana yi wa 'yan wasa gyara? Tam mai aski? Mutumin da tun ba a ɗaga labule ba yake fara kuka?"

"Sha romonki ki tafi, furanninki na shan rana."

Da yamma, bayan ta koma gida, Lanh ta kunna turaren tsinke a gaban hoton Khiem, ta canza masa ruwan shayi. Ta daɗe tsaye tana kallonsa.

"Ƙanwarka ta sa ni gaba," ta ce masa. "Halinku ɗaya, naci kamar ƙuda." Ta gyara lemon da ke kan faranti. "Cam Yen ta tsufa, Khiem. In ban je yanzu ba, a ina zan sake ganin ta?"

Hoton bai ce komai ba, amma dama shi mutum ne da ko yana raye ba ya musu da ita a kan Cam Yen. Kashegari ta aika wa Diem cewa a ajiye mata kujera. Kuma da yake ba a zuwa wurin mutum irin Cam Yen hannu rabbana, ranar jajibirin tafiya ta zaɓo tarwaɗa masu ƙiba, ta dafa su a tukunyar ƙasa da sukari da barkono da ruwan kifi mai gishiri da suke ɗanɗana girki da shi, a kan wuta ƙasa-ƙasa, har romon ya yi kauri ya koma launin zuma. Ta rufe, ta ɗaure tukunyar cikin zane.

Masoyan wasan na Sa Dec sun daɗe da sanin juna. 'Yan Gishiri suke kiran kansu, kuma Tam mai aski ne shugabansu, ba don an zaɓe shi ba, sai don shi ne ke da haƙurin bin mutane gida-gida. Shi ya samo ƙaramar bas, ya zaɓi wasan rana na ranar Lahadi saboda tsofaffi su koma gida da sauran haske. Da safe suka cika motar: masu sayar da kifi, wata tsohuwar ungozoma, wasu 'yan'uwa mata biyu da ba sa ga maciji amma ba sa rabuwa, kowa da ƙunshinsa. Diem ta riƙe wani kwandon furanni da ya fi ta faɗi. Lanh ta ɗora tukunyarta a cinya.

Ba su bar gari ba aka fara musu.

"Na ji yarinyar nan a waya," in ji Tam daga gaba. "Tana da numfashi. Ku bari ku ji."

"Yaya Tam, kai fa ko akuya aka ɗaura wa zanen Sen tafi za ka yi mata," in ji Lanh.

Motar ta kwashe da dariya.

"Ai ke tun da aka haife ki ba ki yabi kowa ba sai Cam Yen. Ko wadda ta yi Sen shekarun baya, da muka je Can Tho, me ta yi miki?"

"Kuka take kamar an taka kyanwa."

"Wadda ta gabace ta fa?"

"Wannan ai ba ta taɓa riƙe manjagara ba. Tana jan gishiri kamar mai sharar ɗakin asibiti."

"To kun ji," Tam ya juya ga sauran. "Ni dai in ta fara gyare-gyarenta a ciki, ban san ta ba."

Haka aka tafi, ana ci ana musu. Aka ƙetare babbar gada, gonakin shinkafa suka ba gidaje wuri, gidaje suka ba benaye wuri. Can wata ta ɗauko waƙar buɗe wasa, sauran suka kama. Lanh ta juya fuskarta ga taga, ta ƙara riƙe tukunya. Diem ta gani, sai ta ɓare lemo ta tura mata rabi.

Gidan wasan ya cika maƙil. Abin da ya ba Lanh mamaki shi ne yawan matasa. Ta zaci furfura za ta tarar daga bango zuwa bango, sai ga 'yan mata da samari, wasu sun riƙo kakanninsu, wasu kuwa su kaɗai suka zo. Yarinyar da ke gabanta ta rina gashinta shuɗi, amma da makaɗa suka fara gwada igiyoyinsu sai ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai addu'a.

Fitilu suka dushe. Mai goge ya ja, jita ta bi shi, labule ya tashi a kan gonakin gishiri fari fat ƙarƙashin rana. Lanh ta ji tsigar jikinta ta tashi, kamar yadda take ji duk lokacin, kamar ba ta san abin da zai biyo baya ba.

Labarin dai shi ne wanda suka sani. Sen 'yar wata gwauruwa ce mai gonar gishiri a bakin teku, Tin kuwa ma'aikacinsu ne. Suna son juna, an sa rana bayan kwasar gishiri. Sai ruwan sama ya sauko ba a lokacinsa ba ya narkar da aikin shekara guda, Tin ya shiga jirgi neman abin da zai dawo da shi, shekaru suka yi ta wucewa ba labari.

Nha Truc ta fito da manjagara a kafaɗa. Lanh ta harɗe hannuwa.

"Dubi yadda take kaɗa hannu," ta raɗa wa Diem. "Gishiri take kwasa ko sauro take kora?"

"Yi shiru, Yaya."

Amma da yarinyar ta ja dogon baitin farko, ta yi ta tafiya da shi a numfashi ɗaya, ta hau ta sauko, ta zo ta dire shi daidai kan bugun katakon makaɗi, gidan ya ɗauki tafi. Lanh ba ta tafa ba. Ta dai saki hannuwan da ta harɗe.

Sai aka zo wurin da take tsoro, waƙar Tin da Sen a bakin gaɓa, wadda suka yi ta rerawa a rumfa. Saurayin da ke yin Tin ya tako gaba. Lanh ta sunkuyar da kai, ta dafe murfin tukunya ta cikin zane, tana jiran abin ya soke ta.

Yaron ya rera: "Zan dawo miki kafin iskar kudu ta juya."

Lanh ta ɗago kai. A kunnenta baitin ya zo a karkace. Khiem kullum "iskar gabas" yake cewa. Ta yi masa gyara har ta gaji, sun je wasan tare ya ji da kunnensa an ce kudu, amma yana fitowa sai ya ce 'yan wasan ne suka yi kuskure, shi ya san iskar teku, kakansa masunci ne. Yanzu ga yaro ya faɗa daidai, ita kuma tana jin kamar ya ɓata waƙa.

Ta karkato ta raɗa wa Diem, "Gabas."

Diem ta dube ta, sai ta toshe baki da hannu. Dariya ta kama su su biyu, irin wadda ba a iya dannewa, kafaɗunsu na rawa, hawaye na zuba, har ba wanda zai iya cewa ga inda dariya ta ƙare kuka ya fara. Mai shuɗin gashi ta waiwayo za ta harare su, ta ga fuskokinsu, sai ta zaro takardar share hawaye ta miƙo musu. Da Sen ta amsa wa Tin, Lanh ta ji leɓɓanta na motsi tare da ita. Ba ta hana su ba.

Bayan hutu Cam Yen ta fito. Tun kafin ta buɗe baki mutane suka miƙe tsaye. Ta ƙanƙance, tana tafe a hankali, baƙar rigar ƙauye na reto a jikinta, amma yadda ta karkata kai ta dubi mutane, shi ne na da. Ta jira har tafi ya kwanta, ta ɗan ɗaga hannu, aka zauna.

Wurin da kowa ke jira ya zo. Ruwa ya cinye gishiri, Tin ya tafi, Sen na zaune a bakin gona ta ƙi ci ta ƙi sha, uwar ta zo lallashinta. Cam Yen ta zauna a kan kututture, ta fara. Muryar ta yi kauri, ta yi ƙasa, amma tana shiga jiki. Ta rera yadda ta haifi Sen a shekarar fari, ta rera yadda ta binne uban Sen da gishiri a tafin ƙafarta. Ta ja numfashi za ta shiga babban baitin.

Sai ta tsaya.

Makaɗa suka zagayo, suka sake shimfiɗa mata hanya. Ba ta shiga ba. Bakinta a buɗe, idanunta na yawo a kan fitilu kamar wadda ta farka a ɗakin da ba ta sani ba.

A cikin gidan nan babu wanda bai san baitin ba. Yana kan harshen kowa, tun daga kujerun gaba har na can sama. Lanh ta ji shi ya cika mata baki, sai da ta cije leɓe. Tam ya buɗe nasa bakin, Diem ta miƙa hannu ta mintsine shi a cinya, ya haɗiye. Ba wanda ya furta. Kowa ya gane cewa in baitin ya fito daga ƙasa, an gaya wa matar nan a bainar jama'a cewa ta ƙare. Aka yi tsit, ko tari babu, mai goge na ta zagaye wuri ɗaya.

Nha Truc ta taso daga inda take zaune. Ba ta yi sauri ba. Ta zo ta durƙusa gaban tsohuwar, ta kama hannunta ta manna a kumatunta, ta ɗora kai a cinyarta. Sannan ta rera wani abu da babu shi a wasan, a kan kiɗan da ake yi, da murya irin ta ƙaramar yarinya:

"Inna, tun ina ƙarama kin taɓa gaya mini, na manta. Gishirin da ruwa ya cinye, ina yake zuwa?"

Cam Yen ta sunkuyo ta dubi kan da ke cinyarta. Ta shafa gashin. Lanh na gani daga inda take lokacin da idanun suka daina yawo.

"Teku ya koma, 'yata," ta rera. "Gida ya koma. Ba a yi wa wanda ya je gida kuka. Ki gyara gonarki, ki buɗe wa ruwa hanya, ki jira rana. Abin da teku ya karɓa a damina, da rani yake mayarwa."

A da, numfashi ɗaya take yi wa wannan baitin, har mutane su riƙa riƙe nasu suna gwada tsawonsa. Yau sai da ta raba shi biyu. Amma ta kai shi, ta dire shi a kan bugun katako, ba gaba ba baya.

Abin da ya biyo baya ya wuce a kira shi tafi. Tam ya fashe da kuka da ƙarfi kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. 'Yan'uwan nan biyu da ba sa shiri suka rungume juna. Lanh ta miƙa wa Diem tukunya, ta miƙe tsaye, ta yi ta tafawa har tafukanta suka yi zafi, kuma ita kanta ba ta san ko tsohuwar take yi wa ko yarinyar ba.

Wasa ya ci gaba har ƙarshe lami lafiya. Tin ya dawo da furfura, Sen na nan a gonarta, suka tsaya suna kallon juna gishiri na ƙyalli a tsakaninsu, labule ya sauka.

Tam ya san wani mai gadi, don ya taɓa yi wa ubansa aski, saboda haka aka bar 'Yan Gishiri suka shiga ta ƙofar baya kaɗan-kaɗan. Suka tarar da Cam Yen a kan kujerar roba, an goge mata rabin kwalliya, ƙafafunta cikin silifas. Diem ta ajiye kwandon furanni a gabanta, ta rasa abin faɗa, ita da bakinta ba ya hutawa. Lanh ce ta rusuna ta gaishe ta.

"Goggo, daga Sa Dec muke. Jirginku ya taɓa kwana a bayan gidanmu. Kin ci abinci a kan tabarmar mahaifiyata."

Cam Yen ta ƙanƙance ido tana tunani.

"Sa Dec," ta ce. "Ba garin nan ba ne da sauro ya kusa ɗauke ni da gidan sauron gaba ɗaya?"

Suka tuntsire da dariya. Ba ta tuna tabarma ba, ba ta tuna kifin ba, kuma Lanh ta ga abin bai dame ta ba ko kaɗan. Wadda ta ci abinci a ɗaruruwan gidaje, ina za ta riƙe? Su da aka zo wa, su ne masu riƙewa.

Tsohuwar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga na ɓata ɗazu, ko?"

"Mu ba mu ga komai ba," in ji Lanh.

"Ni kurma ne ma, Goggo," in ji Tam, yana jan majina.

"Maƙaryata," in ji Cam Yen. Ta kama hannun Lanh ta riƙe da nata biyu. "Ina jin ku fa. Ina jin baitin a bakinku duka, kamar ruwa a bayan madatsa. Da mutum ɗaya ya sake shi, da ban sake hawa ba. Na gode muku." Ta saki hannun. "Sauran ranakun zan ƙarasa su, muddin waccan yarinyar na kusa da ni. Ina take ma? Tun safe ba ta sa komai a ciki ba, wai tsoro."

Lanh ta leƙa bayan wani labule, ta sami Nha Truc zaune a kan akwatin kaya, har yanzu da zanen Sen, ta rungume gwiwoyi. A kusa ta fi ƙanƙanta, ba ta wuce sa'ar jikar Lanh ba. Da ta ga dattijuwa sai ta yunƙura za ta miƙe.

"Zauna, 'yata."

"Kaka, na yi karambani ko? Na ƙara abin da ba a rubuta ba. Ban san lokacin da ya fito ba. Kakata ce ta raine ni da kaset ɗin wasan nan, da tana raye ta ji na taɓa shi, da ta ja mini kunne."

"Da ta goya ki ta zagaya gari da ke," in ji Lanh.

Ta kwance zanen, ta buɗe tukunya. Ƙamshin ya cika wurin, har wani makaɗi ya leƙo. Ta aika Diem ta samo shinkafa wurin masu dafa wa 'yan wasa, ta zuba wa Cam Yen nata, ta cire mata ƙaya. Sannan ta dawo ta zaɓi tsoka mafi kyau ta tsakiya ta ɗora wa yarinyar, ta tsaya a kanta.

"Ci. Ba a yin Sen da yunwa."

Nha Truc ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, sai ta hau ci hannu baka hannu ƙwarya, kwalliyar idonta na zuba a kumatu.

"Kina da numfashi," in ji Lanh. "Kuma kina da abin da ya fi numfashi. Sai dai ki rage kaɗa hannun nan. Manjagara nauyi gare ta. Daga ƙugu ake ja, ba daga wuyan hannu ba." Ta karɓi tsintsiyar da ke jingine ta nuna mata. Yarinyar ta ajiye kwano ta gwada. "A'a, sauke kafaɗa. Yawwa. Haka."

"Na ce muku sai ta yi gyara," in ji Tam daga bakin ƙofa.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka bar Saigon. A hanya direba ya tsaya a wata rumfa mai ragar kwanciya a ƙarƙashin itatuwa, kowa ya sauka shan ruwan kwakwa. Musu ya sake tashi, wannan karon a kan saurayin da ya yi Tin: wasu na cewa ya cika kyau, mai kwasar gishiri ba ya irin wannan fata, wasu na cewa ai shi ya sa Sen ta jira shi. Diem ba ta shiga ba. Ta zube a raga tana nishi, ta cire takalmanta. Sababbi ne ta saya don wannan rana, sun matse ta tun safe ba ta faɗa ba, ƙafafun sun kumbura sun yi jawur.

Lanh ta jawo kujera ta zauna a gefenta. Ta lalubo kwalbar man zafi a jakarta, ta ɗauki ƙafa ɗaya ta ɗora a cinya.

"Haba Yaya, bari, mutane na gani."

"Su gani. Wa ya aike ki sayen takalmin 'yan mata da ƙafar noma?"

Ta shafa man, ta hau murzawa da babban yatsa, tun daga diddige. Diem ta lumshe ido. Motoci na ta wucewa a kan titi, can gefe Tam ya ɗauko waƙar uwar Sen da muryarsa da ta dushe don kuka, wasu na taya shi.

"Auta."

"Na'am."

"Da kin bar ni da taurin kaina, da yanzu ina gida ina saran ƙashi. Na gode."

Diem ta buɗe ido ɗaya ta dube ta.

"Sake faɗa, ban ji ba. Motar nan ta yi ƙara."

"Ba ki ji ba ya wuce. Miƙo ɗayar ƙafar."